Shin Ya Kamata A Kafa Masana'antar Mitar Ruwa A Gusau?

Ina roƙon iyayenmu da za su karanta su yi mini afuwa idan na yi karambani, domin maganar da zan yi ta manya ce, ni kuwa shekaruna goma sha shida ne kacal. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata muhawara da muka yi a zangon karatun da ya wuce. An ka da ni a cikinta ƙasa warwas, amma har yanzu zuciyata ba ta sallama ba.

Asalin abin shi ne, ran nan malaminmu na tattalin arziki ya shigo aji da wani labari da ya karanta, cewa a ƙasashen waje kamfanonin da ke ƙera mitar ruwa ta zamani suna ta faɗaɗa masana'antunsu, suna ƙara gine-gine, suna ɗaukar sababbin ma'aikata, saboda manyan birane sun duƙufa wajen canza tsofaffin mitocinsu. Daga nan sai ƙungiyar muhawara ta ɗauki maganar, aka sa take cewa, "Ya kamata a kafa masana'antar mitar ruwa a Gusau domin matasa su sami aikin yi." Da aka yi ƙuri'a sai ta faɗo a kaina, ni zan yi suka. Abokin karawata bai sha wata wahala ba. Yana tashi ya ce "aikin yi" sau uku, sai zaure ya ɗauki tafi kamar zai tsage. Ni kuwa da na ce, "To, ina ruwan da za a auna?" sai aka bushe da dariya, wani daga can baya ya ce ina baƙin ciki da ci gaban jiharmu ne. Ban ga laifinsu ba. Da wuya ka sami ɗalibi a zauren nan wanda ba shi da wa ko ya da suka gama karatu suna zaune a gida. Ni kaina yayana ya gama difloma a fannin lantarki yau shekara uku ke nan, abin da yake yi yanzu shi ne cajin waya a wani ɗan shago a Bunguɗu. Idan akwai gidan da ya fi kowane son a buɗe masana'anta gobe da safe, to, gidanmu ne.

Kafin in ci gaba, bari in bayyana wa iyayenmu abin da ake nufi da wannan mita, don kada a ce ina kushe abin da ban sani ba. Mitar ruwa mudu ce, sai dai ruwa take aunawa ba hatsi ba. Irin ta da tana da wani ɗan ƙaramin fanka a ciki, ruwa na wucewa yana juya shi, shi kuma yana juya lambobin da ke fuskarta, sa'an nan duk wata ma'aikaci ya bi gida-gida yana rubutawa a littafi. Ta zamani kuwa, wata ba ta da fanka sam. Akwai wasu 'yan na'urori biyu a jikin bututun da ke aika wa juna sauti, irin wanda kunnen mutum ba ya iya ji. Sautin da ya bi ruwa yakan riga wanda ya tari ruwa isa, kamar yadda mai iyo zuwa gangare yake riga mai iyo zuwa sama, kuma da wannan ɗan bambanci ne mita take lissafa saurin ruwan da yawansa. Tana da batir da ke kai wajen shekara goma, tana kuma aika lissafinta ofis da kanta ta hanyar rediyo ko layin waya. Akwai wadda sai ka biya kafin ka sha, watau ka sayi lambobi ashirin ka danna mata kamar yadda ake yi wa mitar wuta, in kuɗinka sun ƙare ta rufe bututun. Har takan tona asirin yoyo, domin idan ta ga ruwa bai daina wucewa ba dare farai alhali mutanen gida suna barci, sai ta ba da alama.

Gaskiya abin gwanin ban sha'awa ne, kuma ta wata fuska ta fi dacewa da irin garuruwanmu a kan tsohuwar. Duk wanda ya zauna inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa ya san ƙugin nan da famfo ke yi kafin ruwa ya iso. Iska ce ke fita. To, wannan iskar tana juya fankan tsohuwar mita, sai ka ga an rubuta wa mutum kuɗin iska. Yashi kuma yakan toshe fankan. Mai aiki da sauti ba ta ƙirga iska, ba ta kuma da fankan da yashi zai cinye. Saboda haka ni ba da mita nake faɗa ba. Gardamata a kan abin da ya kamata ya riga wani ne.

Da muka sami hutu na koma gida na ba kakana labarin yadda aka yi mini dariya. Shi tsohon ma'aikacin masaƙar Gusau ne, watau Zamfara Textile, a nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Na zaci zai goyi bayan masana'anta, tun da ba shi da hirar da ta fi ta zamanin da ake busa jiniya da asuba, ma'aikata su cika titi a kan kekuna. Sai ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Kai abokina, mi za ku zuba ma injin? Mu dai auduga muka zuba mashi, kuma audugar gonar ubanka ta." Na ce, "Kaka, ai wannan ba a zuba masa komai daga gona." Ya ce, "To, wa za ya saye?" Waɗannan tambayoyi biyu na tsoho sun fi duk abin da na faɗa a zauren muhawara nauyi, kuma da ma an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Idan muka duba yadda Gusau ta zama garin masana'antu, za mu ga kaka yana da hujja. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kuma ba don komai aka shimfiɗa shi ba sai don auduga da gyaɗar da ƙasar nan ke bayarwa. Auduga ce ta jawo injin gurza, injin gurza ya tara angurya, angurya da gyaɗa suka jawo injin matsar mai, zare kuma ya jawo masaƙa. Ka ga kowane ɗaya yana riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa. Mutum ɗaya yana tsaye gaban inji a Gusau, amma a bayansa akwai manomi a ƙauyukan Tsafe, da mai jaki, da mai awo a kasuwar auduga, da direban babbar mota, da ɗan dako, da mai sayar da yadi, da tela, har da matar da ke sayar da tuwo a bakin ƙofar masaƙa. Wannan shi ne samar da aikin yi na ainihi. Duk da haka, jama'a, ina masaƙar take yau? Ta bi sawun 'yan'uwanta na Kaduna, inda babbar masaƙar nan ta KTL, wadda aka buɗe a 1957 a zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki, da tsadar man da ake ƙonawa a tukunyar inji, da atamfa mai araha da aka riƙa shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, su suka taru suka kwantar da su. To, idan masana'antar da saiwarta ke cikin gonakinmu ta faɗi da iska ta kaɗa, ina ga wadda za a dasa ba saiwa?

Na ce ba saiwa ne saboda na bi kayan cikin mitar ɗaya bayan ɗaya tare da yayana. Gangar jikinta ta roba ce ko ta tagulla. A ciki akwai ɗan faifan lantarki mai ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar, da batir, da na'urorin sautin nan, da makullin da ke rufe ruwa. In ban da gangar jikin, babu abin da muke yi a nan. Ƙwaƙwalwar irin waɗannan na'urori galibi a Taiwan da Sin da Koriya ta Kudu ake yin su, da dala kuma ake saye. Mun ga abin da ya faru bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake samu a hukumance kan naira ɗari huɗu da wani abu ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Masana'antar da kowane ƙusa nata sai an sayo da dala, ran da naira ta yi tari sai ta kama zazzaɓi. Har wa yau, yayana ya nuna mini a waya yadda ake haɗa irin wannan faifai a masana'antun zamani. Inji ne ke ɗauko 'yan ƙananan kayan yana jerawa da saurin da ido ba ya iya bi, mutane kaɗan ne ke tsaye suna dubawa. Wanda ya ji an ce masana'anta, ya hango dubban ma'aikata a kan kekuna irin na zamanin kaka, to, ya sake lissafi.

Kuma kada mu ɗauka mu ne farkon masu wannan tunani a Arewa. A nan Zariya an yi kamfanin EMCON mai haɗa mitar wutar lantarki tun zamanin NEPA, daga baya gwamnati ta sayar da shi ga 'yan kasuwa. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin raba mitocin wuta, aka ce a fifita waɗanda ake haɗawa a cikin gida. Duk da haka, har ƙarshen 2024 fiye da rabin masu amfani da wuta a Nijeriya ba su da mita. Wannan fa ita ce mitar da ke da kasuwa a buɗe, tun da miliyoyin gidaje suna da waya a jikin bango tana jiran a ɗaura mata. Mitar ruwa kuwa wa zai saya? Ba wanda zai je kasuwa ya ce a ba shi mitar ruwa guda biyu ya kai gida. Hukumar ruwa ce kaɗai mai saye, ita kuma ba za ta ɗaura mita a bututun da ya bushe ba.

A nan ne na dawo kan tambayar da aka yi mini dariya a kanta. Gusau tana shan ruwa ne daga madatsar da ke kan Gulbin Sakkwato. A ƙarshen watan Satumba na 2006, tun ban zo duniya ba, ruwan sama mai yawa ya ɓalle madatsar, ta rushe ɗaruruwan gidaje, gari ya shiga ƙishi har sai da aka gyara. Tun kuwa daga 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, take ta buɗewa ta kowace kusurwa. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kowa ya zo da iyalinsa da bokitinsa. Gari yana gudu, bututu yana rarrafe. Akwai unguwannin da bututu bai taɓa zuwa ba, akwai kuma waɗanda ya je tun zamanin iyayenmu suna yara, ya ruɓe a ƙasa. Mu a Bunguɗu ga gulbi nan kusa da mu, amma a gidanmu rijiya muke ja. Gwaggona da ke aure a Tsafe kuwa, inda ƙasar take da duwatsu, da bazara ta kama rijiyarsu takan ƙafe, sai ta zauna a zaure tana sauraron ƙarar kurar 'yan ga-ruwa. Na taɓa yin hutu a wurinta. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba a zubarwa, awaki ake ba. Wanda aka yi wa yara wanka da shi, da shi ake yayyafa tsakar gida. Na ce mata, "Gwaggo, ana maganar kawo mita mai hana ɓarnar ruwa." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai ni ce mitar gidan nan." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum yana bukatar lita 20 a yini, watau abin da bai kai jarka ɗaya mai lita 25 ba. Gidan gwaggo mutum tara ne. Kowa ya yi lissafin jarkokin, ya kuma tambayi ɗan ga-ruwan unguwarsu nawa jarka take a watan Afrilu.

Wani zai ce, to, ai mitar ce za ta tara kuɗin da za a kawo ruwan da su. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da abokan gardamata suke da ita, ko da yake ba su kawo ta ba ranar muhawara, tafi ya ishe su. Akwai gaskiya a ciki, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dattawa sukan ce ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi. Haka ne, amma alif ɗin da ke kwantar da laka, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da man injin da ke tura ruwan, da albashin mai gadin tanki, duk da kuɗi ake samunsu. Kuma tsarin da ake yanka wa kowa kuɗi iri ɗaya a wata bai yi adalci ba, don mai gidan wankin mota da tsohuwa mai tulu ɗaya bai kamata su biya daidai ba. Na yarda da wannan duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mita ita kaɗai za ta yi aikin.

Dalilina kuwa a bayan ɗakin kwananmu na samo shi. Akwai wani famfo a wurin da bakinsa ya lalace, duk ranar da aka tura ruwa daga tanki yana ɗiga. Na tara masa gorar lita ɗaya, na duba agogon wani abokina, ta cika a minti arba'in. A yini da kwana lita 36 ke nan, ya kusa jarka ɗaya da rabi, daga famfo guda, ɗigo kawai ba tsiyaya ba. Wannan a sarari yake muna gani. To, yaya wanda ke zuba a ƙarƙashin ƙasa, inda sai dai ka ga ciyawa ta yi kore shar a gefen titi a tsakiyar rani? Ruwan da ya zube kafin ya iso ƙofar gida, mitar da ke ƙofar gidan ba ta san da shi ba. Malaminmu na labarin ƙasa ya ba mu misalin birnin Phnom Penh, hedikwatar ƙasar Kambodiya a Asiya, wadda ta fito daga yaƙi da bututunta a ragargaje. A 1993 kashi 72 cikin ɗari na ruwan da hukumarsu ke tacewa ba ya dawo da ko sisi, ko ya zube ko an sace. Aka ba wani injiniya mai suna Ek Sonn Chan shugabancin hukumar. Lalle ya ɗaura wa kowane gida mita, amma tare da haka ya canza tsofaffin bututu, ya kafa 'yan gyara masu fita dare da rana, ya sa manyan gari su ma suka riƙa biya, ruwa kuma ya riƙa zuwa ba yankewa. Cikin shekara kamar goma sha biyar asarar ta sauko zuwa wajen kashi 6. Ba da masana'antar mita suka fara ba. Da haƙa rami suka fara.

Akwai kuma wani abin da ke damuna game da mitar da ke rufe kanta, shi ne talaka. Wuta in ta ƙare a kunna fitila a kwanta, ruwa kuwa ba shi da madadi. A Afirka ta Kudu an ɗaura irin waɗannan mitoci a unguwar Phiri da ke Soweto, mazauna suka kai ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har kotun tsarin mulki, wadda a 2009 ta ce mitocin ba su saɓa doka ba. Amma fa a can kowane gida yana samun lita 6,000 kyauta duk wata kafin a fara cire masa kuɗi, kuma ko wannan ma cewa suka yi bai isa ba ga gida mai mutane da yawa. To, ina ga irin gidajenmu, inda za ka sami magidanci da matansa da 'ya'ya da jikoki da almajirai da baƙin da suka gudo daga ƙauye, duk a kan famfo ɗaya? Idan za a kawo mita, a fara yanke shawarar lita nawa ne ba za a taɓa rufe wa gida ba. Ba na cewa abin ba ya yiwuwa a ƙasa irin tamu. Maƙwabtanmu na Yamai a Jamhuriyar Nijar sun gwada tun kafin 2020, inda wani kamfanin Faransa mai suna CityTaps ya haɗa kai da kamfanin ruwa na ƙasar a wancan lokaci, SEEN, aka ɗaura mitocin da mutum zai biya kaɗan-kaɗan ta waya gwargwadon abin da ya samu a ranar. Wannan ya dace da mai neman na yau da gobe fiye da takardar kuɗi mai nauyi a ƙarshen wata. Sai dai a lura, a gidajen da ruwa ke zuwa aka ɗaura su.

Maganar biya ta waya ta tuna mini da abin da mu 'yan Zamfara muka gani da idonmu, wanda mai ƙera mita a Turai ko a Sin ba zai taɓa kawo shi a ransa ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Ina firamare a lokacin. Na tuna mutane suna shiga mota su tafi har wata jiha don kawai su buga waya, ana aika saƙo a takarda ta hannun direbobi kamar zamanin da. An yi makonni a haka, wasu ƙananan hukumomin ma watanni. Ku ɗauka a ce a lokacin ruwan gidajenmu yana hannun mitar da ba ta buɗewa sai saƙo ya zo ta layin waya. Da yaya za mu yi? Duk mitar da za a kawo ƙasar nan dole ta zama wadda za a iya saya mata lamba a hannun mutum, a shago, a danna da yatsa ko babu layi. Irin wannan sanin sai ɗan ƙasa, kuma shi ya sa nake son 'yan'uwanmu su kasance a wurin tun ana zaɓen mitar, ba sai an sauke ta daga mota ba.

To, ina aikin yin yake? Ni a ganina yana nan birjik, sai dai ba a cikin katafaren ginin da muke mafarki ba. Shimfiɗa bututu daga tanki zuwa unguwa ba a yin sa a Sin a aiko mana a kwali. Dole ɗan Gusau ne zai haƙa ramin, ya haɗa, ya binne. Kowace mita tana bukatar mai ɗaura ta, da mai duba ta, da mai canza mata batir, da mai sayar da lambobinta. Tana bukatar akwatin da zai kare ta daga rana da ɓarayi, wannan kuwa masu walda na bakin titi za su yi shi, murfinsa ma maƙeran da ke zuba tukwanen dalma ba zai gagare su ba. Bututun roba da mahaɗansa ana yin irinsu a masana'antun Kano, ba abin da zai hana a yi a nan idan akwai mai saye. Ana bukatar ɗakin gwaji inda za a riƙa tabbatar da cewa mita ba ta tauye mudu, domin ranar da mutane suka fara zargin tana cutarsu, ranar za su fara zagaye ta da wani bututu. Yaran da ke kwance waya su gyara ta da ɗan ƙarfen narka dalma a kasuwa, wata uku na horo ya ishe su su iya faifan mita. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gusau a 2013, wurin koyo bai yi mana nisa ba. Hatta rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da ake haƙawa a Tsafe da Bunguɗu, yawancin abin da ke kashe su ba ya wuce rashin kuɗin gyara da rashin mai gyaran. Da za a sa musu famfo mai mita, kowa ya biya ɗan abin da ya ɗiba, a ajiye kuɗin don ranar lalacewa, da an sami aikin mutum biyu ko uku a kowace. 'Yan ga-ruwa ma kada a manta da su. Su suka riƙe garuruwan nan shekara da shekaru da ƙarfin ƙirjinsu, sun san kowane lungu da kowane gida, su ya kamata a fara ba tsaron irin waɗannan famfuna.

Idan aka yi haka aka kai matsayin da gidaje dubbai a Gusau, da Sakkwato, da Katsina, da Birnin Kebbi suna da ruwa a famfo suna neman mita, to, a ranar ba sai an roƙi kowa ya zo ya kafa masana'anta ba. Ɗan kasuwa yana jin ƙanshin ciniki daga nesa, kamar yadda auduga ta jawo injin gurza ba tare da an yi muhawara a makaranta ba. A fara da haɗa gangar jiki da akwati da gwaji, sauran su biyo baya. A ranar ni ma zan tafa, har in fi kowa.

Na roƙi malam mai kula da ƙungiyar muhawara ya sake ba mu rana a zango mai zuwa, ya ce zai duba, amma da sharaɗin wannan karon kowa ya zo da lissafi a rubuce. Famfon bayan ɗakin kwana kuwa, ni da abokaina biyu mun naɗe bakinsa da tsohuwar robar tayar keke. Na sake tara gorar, yanzu sai ta yi awa uku ba ta cika ba. Yayana ya ce idan zai kawo mini ziyara ran Lahadin ƙarshen wata zai zo da sabon kan famfo da sifana, in shugaban makaranta ya yarda ya ɗaura mana.